Ƙafar Da Ta Mutu: Tsakanin "Sanyi", Ƙashin Baya Da Kantin Magani

Hausawa na cewa lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Amma akwai wata larura da ke cin mutane a ɓoye a unguwanni irin su Hanwa da kewayenta a nan Zariya, musamman ma'aikatan ofis, malaman makaranta, direbobi da 'yan acaɓa. Ciwo ne da kan faro daga kwankwaso, ya bi ta ɗuwawu da bayan cinya, ya sauka har yatsun ƙafa. Wani ya ce ƙafarsa ta mutu, wani ya ce ta sage, wani ya ce kamar kiyashi ke yawo a cikinta. Da an tambayi sunan ciwon kuwa, amsa guda ce: sanyi ne.

Daga wannan suna matsalar ke farawa. Kalmar "sanyi" ta zama buhun da muke zuba duk ciwon da ba mu gane ba, tun daga na gaɓoɓi har zuwa na mara. Haka ita ma kalmar "jijiya": da ita muke kiran hanyar jini, da ita muke kiran igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi, da ita kuma muke kiran zaren da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi. Idan suna ɗaya ya haɗa abubuwa uku, ba abin mamaki ba ne a nemi magani ɗaya, a tafi wajen wanzami a yi ƙaho da niyyar fitar da mataccen jini, alhali jinin ba shi da laifi.

Ga yadda abin yake. A kwankwason mutum akwai ƙasusuwa 5 jere bisa juna, kuma tsakanin kowane biyu akwai faifan guringuntsi mai taushin ciki, wanda ke aiki kamar gammo. Shekaru, ɗaukar kaya a sunkuye, doguwar zama da jijjigar hanya kan sa faifan ya tsage, cikinsa ya bulluƙo ya danne jijiyar saƙo da ke fita daga laka zuwa ƙafa. Mafi yawan lokuta faifai biyu na can ƙasa ne ke yin haka. Tun a 1934 likitocin Amurka biyu, William Mixter da Joseph Barr, suka bayyana wannan alaƙa. Ke nan ƙafa ce ke kuka, amma a baya ɓarnar take.

Abin da ba a cika gaya wa majinyaci ba shi ne, akasarin masu wannan larura kan samu sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 ba tare da tiyata ba, domin jiki da kansa kan shanye abin da ya bulluƙo. Doguwar kwanciya ba ta taimakawa. Abin da likitoci ke so shi ne tafiya a ƙasa daidai gwargwado, tashi daga kujera a kai a kai, durƙusawa da gwiwa yayin ɗaukar kaya, da motsa jiki bisa koyarwar ma'aikatan gashin ƙashi.

To amma haƙuri na da wuya ga mai ciwo, shi ya sa kemis ta zama asibitin farko. A nan ne kuma ake gudun gara a faɗa gidan zago. Magungunan kashe zafi irin su Diklofenak da Ibufurofen, idan aka daɗe ana sha, suna iya jawo gyambon ciki, su lalata ƙoda, su ƙara hawan jini. Deksametason da Firednisolon, waɗanda akan cusa cikin haɗin da ake ƙullawa a leda, suna ɗaga sukari, su kumbura fuska, su raunana ƙashi. Tiramadol kuwa kowa ya ga yadda ya kama matasanmu, kamar yadda maganin tari mai kodin ya yi har gwamnatin tarayya ta hana yinsa da shigo da shi a watan Mayun 2018.

Sai Firegabalin, wanda aka fi sani da Lyrica, da ɗan'uwansa Gabafentin, da ake bayarwa domin ciwon jijiya. Suna kawo jiri, gyangyaɗi da kumburin ƙafa, abin tsoro ga mai tuƙi a hanyar Kwangila zuwa Samaru. A 2017 wani bincike da aka yi a Ostiraliya kan majinyata 209 ya nuna Firegabalin bai rage wannan ciwon ƙafa fiye da ƙwayar da ba magani a cikinta ba, sai dai ya fi ta illa. A 2019 Birtaniya ta sa magungunan biyu cikin waɗanda doka ta tsananta sa ido a kansu. Duk da haka, wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke lokaci guda. Likita ne zai rage masa sannu a hankali.

Ya kamata kuma mai karatu ya sani cewa ba kowace mutuwar ƙafa ce daga baya take ba. Idan ƙafa biyu ne suka sage daga yatsu kamar an sa safa, a duba sukari. Wasu magungunan ma da kansu suna taɓa jijiya: Isoniyazid na tarin fuka, wanda saboda haka ake haɗa shi da bitamin B6, Metfomin na ciwon sukari, da kan rage bitamin B12 bayan shekaru, da Flagyl idan an tsawaita shansa. Shi kansa B6 ɗin idan ya yi yawa yana kashe ƙafa. Tarin fuka kan kama ƙashin baya, kuturta ma da mutuwar fata take farawa, kuma cibiyar ƙasa ta horarwa kan waɗannan cututtuka biyu tana nan Saye, kusa da mu.

Akwai alamun da ba a kwana da su. Idan mutum ya daina jin taɓi a tsakanin cinyoyinsa da wajen zama, ko fitsari ya ƙi fita, ko ya kasa riƙe fitsari da bayan gida, ko ƙafa ta fara jan ƙasa, to tarin jijiyoyin da likitoci ke kira da Latinanci "jelar doki" ne ake jin tsoron an danne. Wannan lamari na sa'o'i ne, ba na kwanaki ba. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya koma Shika daga Tudun Wada a 2005, ba shi da nisa da Hanwa, ga kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Haka nan idan ciwon baya ya zo da zazzaɓi, rama ko gumin dare.

Kirana ga 'yan'uwa masu ilimi shi ne, mu ne ake tambaya a gida da unguwa, don haka kada mu zama masu miƙa ragowar maganinmu ga maƙwabci. Mai zuwa asibiti ya tafi da kwalayen duk abin da yake sha, har da na gargajiya. Ya faɗi inda ciwon ya faro, inda ya tsaya, wane yatsa ne ya mutu, da ko tari ko atishawa na ƙara shi. Su kuma likitocinmu su daure su yi bayani da Hausar da za ta raba jijiyar jini da jijiyar saƙo. Majinyacin da ya san sunan ciwonsa ba ya sayen maganin ciwon wani.