Jan Ƙafa a Filin Golf: Wa Zai Ce wa Babba Ya Ba da Hanya?

Mutumin Basirka, ko na Gwaram, ko na Birnin Kudu, in ya ji ana zancen golf, wataƙila ya ce wannan hirar mutanen Legas ce da Abuja, ina ruwansa. To, amma wasan ya riga ya zo ƙofar gida. Marigayi Sarkin Dutse, Alhaji Nuhu Muhammad Sanusi, wanda ya hau gadon sarauta a 1995 ya rasu a watan Janairu na 2023, mutum ne mai ƙaunar wannan wasa ƙwarai, har ya kafa masa fili a Dutse, ya ƙawata shi da itatuwa. Gwaram da Birnin Kudu kuwa duk ƙasar Dutse ce. Kafin wannan, akwai tsofaffin filaye tun na zamanin Turawa a Kano, da Zariya, da Kaduna, da Rayfield ta Jos. Ba kuwa masu hali kaɗai ke shiga waɗannan filaye ba. Akwai samari da yawa da suke cin abinci ta wurin ɗaukar jakar 'yan wasa, su ne ake kira kadi. Saboda su musamman muka ga ya kamata mu taɓa wata matsala wadda kusan kowane kulob na golf a duniya yake kuka da ita, wato jan ƙafa a cikin wasa.

Ga wanda bai taɓa gani ba, golf, wanda waɗansu gidajen rediyo ke kira ƙwallon lambu, wasa ne na bugun wata 'yar ƙaramar ƙwallo da sanda, daga wurin tashi har ta faɗa cikin rami mai tuta. Cikakken wasa rami 18 ne, wanda ya gama da bugu mafi kaɗan shi ya ci. Ana fita ne ƙungiya ƙungiya, mutum biyu ko uku ko huɗu, kowace ƙungiya tana bin bayan wata. Na baya ba su da ikon bugawa sai na gaba sun yi nisa, gama ƙwallon tana da tauri kamar tsakuwa, in ta sami mutum a ka sai asibiti. Ashe ke nan filin golf kamar siririyar gada yake. In motar gaba ta tsaya, kowa ya tsaya.

Mutum huɗu da suka san abin da suke yi suna iya gama rami 18 cikin awa huɗu, ko ƙasa da haka. Amma sau da yawa, musamman ranar Asabar ko ranar gasa, sai ka ga an ci awa biyar, wani lokaci har da ɗoriya. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. A filin golf kam tana hanawa. Wanda ya fara wasa da ƙarfe biyu na rana a watan Disamba, sa'ad da rana ke faɗuwa wajen ƙarfe shida, in aka riƙe shi awa guda a hanya, to, ramukan ƙarshe sai dai ya bar su, gama ba a neman farar ƙwallo cikin duhu. A watan Afrilu kuma, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ƙarin awa guda a tsaye cikin rana ba abin wasa ba ne ga dattijo mai hawan jini.

Amma wanda ya fi kowa ji a jikinsa shi ne yaron da ke ɗauke da jaka. Doka ta yarda ɗan wasa ya riƙe sanduna har 14, ga ƙwallaye, ga gorar ruwa, ga laima, duk a kafaɗar yaron nan, ya yi tafiyar kilomita da dama. Bisa ga al'ada kuɗinsa na zagaye ne, ba na awa ba. In aka gama da wuri, ya iya samun wani mai gida ya sake fita da yamma, ya koma gida da ladan aiki biyu. In aka ja ƙafa, ladan ɗaya ne, wahalar kuwa ta ƙaru. Mai gidan da ya tsaya amsa waya minti biyar a tsakiyar fili bai san cewa tuwon daren wani yake taɓawa ba. Yaron kuma ba zai buɗe baki ya faɗa ba.

Mene ne ke cinye lokacin? Jama'a sukan ɗora laifin a kan sababbin shiga, waɗanda ba su iya ba. Wannan ba daidai ba ne. Akwai wanda bai ƙware ba amma yana da hanzari, ya buga ya wuce. Akwai kuma gwani mai nawa, wanda sai ya gwada lilon sanda sau biyar, ya tsuguna, ya zagaya rami, ya sake tsugunawa, kai ka ce hakimi ne zai raba gonar gado. Bari mu yi ɗan lissafi. Mutum huɗu, kowa ya yi bugu 90, ya zama bugu 360 ke nan. In a kowane bugu aka ɓata daƙiƙa 10 kacal fiye da yadda ya kamata, an sami daƙiƙa 3,600, wato awa guda cif. Ba wanda zai ce shi ya yi laifi, gama daƙiƙa goma ba a ganinta. Ga shi kuwa awa ta tafi.

Wani sanadin kuma ba na 'yan wasa ba ne sam, na masu tafiyar da kulob ne. A ce akwai wani gajeren rami wanda ƙungiya ba ta iya gama shi ƙasa da minti 10, alhali kuwa ana sakin ƙungiyoyi daga mafari kowane minti 7 domin a shigar da mutane da yawa. Ƙungiya ta biyu za ta jira minti 3 a wannan rami, ta uku minti 6, ta huɗu minti 9. Kafin a kai ta goma sha ɗaya, jiran ya kai rabin awa, ko da kowa gudu yake yi. Duk matar da ta taɓa bin layin famfon burtsatse ta san wannan: ba yawan jarkokin da aka jera ke ƙara ƙarfin ruwa ba. Hukumar R&A ta garin St Andrews a Sikotland, wadda ita da takwararta USGA ta Amurka suke tsara dokokin wasan, ta yi tambaya a tsakanin 2014 da 2015, mutum fiye da 56,000 daga ƙasashe 122 suka amsa. Kimanin kashi 60 cikin 100 suka ce da wasan zai ragu da tsawo da sun fi jin daɗinsa. A 2016 hukumar ta fitar da littafin jagora a kan wannan batu, inda ta raba matsalar gida uku: yadda ake tafiyar da kulob, da yanayin filin, sa'an nan halin 'yan wasa. Abin lura, 'yan wasa ne suka zo a ƙarshe.

Game da yanayin fili, mu nan Arewa muna da namu. Saboda ƙarancin ruwa, tsofaffin filayenmu da yawa ba ciyawa aka shuka kewaye da rami ba, yashi ne aka cakuɗa da mai aka daddaɓe. Irin wannan wuri sai an share sawun ƙafa an lallaɓe hanyar ƙwallo kafin a buga, wannan ma lokaci ne. Da damina kuma ciyawar gefe takan yi tsawo ta haɗiye ƙwallo, sai ka ga mutum takwas, 'yan wasa da yaransu, sun duƙufa suna tona ciyawa kamar masu kalar gyaɗa. Ba a ga laifinsu ba ƙwarai, ƙwallon daga waje ake kawo ta, tana da tsada. Amma kulob ɗin da ya yanke ciyawar nan a wuraren da ƙwallaye suka fi faɗawa ya rage wa kansa rabin rigima.

Tun daga 1 ga Janairu, 2019, an sabunta dokokin golf, an kuwa yi haka da nufin rage ɓata lokaci. A da ana ba mutum minti biyar ya nemi ƙwallon da ta ɓace, yanzu minti uku ne. An shawarci kowa ya yi bugunsa cikin daƙiƙa 40 daga lokacin da hanya ta buɗe masa. An yarda a bar tuta a cikin rami sa'ad da ake bugun ƙarshe, ba sai wani ya je ya cire ya mayar ba. Wanda kuma ya jinkirta wasa ba dalili, a karo na fari a ƙara masa bugu ɗaya, na biyu bugu biyu, na uku a fitar da shi daga gasar. Tun kafin wannan ma akwai dabarar buga ƙwallo ta wucin gadi: in ka ga alamar taka ta shiga daji, ka sanar, ka buga wata nan take, don kada ka je ka rasa ta ka komo baya. Akwai kuma tsarin ƙirga maki na Stableford, wanda aka fara gasa da shi a kulob ɗin Wallasey a Ingila a 1932. A wannan tsari, in bugunka ya yi yawa a wani rami har ba sauran maki, sai ka ɗauki ƙwallonka ka sa aljihu, ka bar saura su ƙarasa. Ga kulob mai sababbin shiga da yawa, ban ga abin da ya fi wannan sauƙi ba.

Sai dai akwai wani gyara guda wanda ya fi wuyar shiga a wurinmu. Tsohuwar al'adar golf ita ce wanda ƙwallonsa ta fi nisa da rami shi ke fara bugawa, a mafari kuma wanda ya ci ramin baya shi ke da girman farawa. Sabuwar doka ta ce a wasan da ake ƙirga bugu, duk wanda ya shirya ya buga, muddin ba zai jefa kowa cikin haɗari ba. A takarda wannan ba wuya. Amma mu mutane ne da aka hore mu kada yaro ya riga babba sa hannu a akushi. Yaya ƙaramin ma'aikaci zai buga alhali mai gidansa a ofis yana can yana neman safar hannu? Zai tsaya ne ya jira, na bayansu su ma su jira. Ladabi abu ne mai kyau, ba mai musun haka. Abin da ya rage shi ne babban da kansa ya buɗe baki tun a ramin farko ya ce, "Kowa ya shirya ya buga, kada a jira ni." In daga bakinsa ta fito, ta zama izini. In daga bakin yaro ta fito, ta zama rashin kunya.

Haka nan batun ba da hanya. Ƙa'idar ita ce, in ƙungiyarku ta bar rami guda fanko a gabanta, ga kuma waɗansu suna jira a bayanku, sai ku koma gefe ku yafuto su su wuce. Ba abin kunya ba ne, minti kaɗan ne. Amma a ce ƙungiyar gaba ta manya ce, mai sarauta, da tsohon soja, da attajirin da ya ba da kuɗin gasar. Wa zai je ya ce musu su matsa? Kulob da yawa sukan sa mai sa ido ya riƙa zagaya fili yana duba agogo. To, mai sa idon nan albashinsa daga kuɗin waɗannan mutane yake fitowa. Sai ya wuce su da "ranka ya daɗe," ya je ya tsawata wa samarin da ke baya, waɗanda su ne aka zalunta tun farko.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan halinmu ne mu kaɗai. A babbar gasar ƙwararru ta Amurka, wato PGA Tour, an ƙara wa wani ɗan wasa mai suna Glen Day bugu saboda jinkiri a 1995, daga nan ba a sake hukunta kowa haka a gasanninsu na yau da kullum ba sai 2017, shekara 22 ke nan, alhali kowa na kallon mashahurai a talabijin suna jan ƙafa. A gasar Masters ta 2013 kuwa, wanda aka ƙara wa bugu ɗaya shi ne Guan Tianlang, yaro ɗan shekara 14 daga ƙasar Sin. Ya yi jinkirin, gaskiya ne, an kuma gargaɗe shi. Amma mutane da yawa sun tambaya ko da wani babban tauraro ne da an yi masa haka. Matan sun fi ƙarfin hali a wannan fanni. A gasar Evian ta 2023 a Faransa, an ƙara wa Carlota Ciganda ta Sifen bugu biyu saboda jinkiri, ta ƙi rubuta su a katinta, aka fitar da ita, ko da yake sananniya ce.

An taɓa gwada maganin a fili kowa ya gani. A watan Yuni na 2018 aka yi wata gasa a ƙasar Ostiriya inda aka sa wata 'yar mota mai ɗauke da babban agogo tana bin kowace ƙungiya. Daƙiƙa 40 ne ga kowane bugu, 50 ga wanda ya fara, in lokaci ya cika ba ka buga ba a ƙara maka ɗaya. Cikin kwana huɗu mutum huɗu kaɗai aka hukunta, tsawon wasan kuwa ya ragu da kimanin rabin awa. Mikko Korhonen na ƙasar Finland ne ya ci. Agogon bai san sunan kowa ba, shi ya sa kowa ya yi hanzari.

Kulob ɗinmu ba su da kuɗin motar agogo, ba kuwa lalle ne su saye ta ba. Kwamiti yana iya zama ya rubuta a jikin katin maki lokacin da ya kamata a iso rami na 6, da na 9, da na 14, a rubuta lokacin fitar kowace ƙungiya da na dawowarta, a manna a allon sanarwa kowane mako, sunan kowa da kowa, har da na kyaftin. A buɗa tazarar saki ta kai minti 10, ko da za a rage yawan masu fita. A sa masu hanzari su fara da safe, gama ƙungiyar farko ita ke yanke wa dukan yinin tafiyarsa. Mai sa ido kuma a ba shi takarda da sa hannun shugaban kulob, wadda za ta nuna cewa in ya ce wa ƙungiya ta ba da hanya, da bakin kwamiti yake magana, ba kuma za a kore shi daga aiki ba don wani babba ya ɓata rai. Game da yaran jaka, kwamitin yana iya ƙayyade cewa duk wasan da ya wuce awa huɗu da rabi, mai gida zai ƙara wa yaronsa kuɗin wannan lokaci kafin ya shiga mota.