Kaset 30, awa 50, yunit 7: lissafin ceto bidiyon gida a Kukuo

Da muka jawo akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadon Hajiya, a gidanmu na Kukuo cikin Tamale, muka ƙirga kaset ɗin VHS 20, ƙananan kaset na MiniDV 10, da faifan DVD 15. Biki, suna, saukar karatu, wani bikin Damba da kawunmu ya ɗauka hannunsa na karkarwa, da tarbar mahajjata tun zamanin da sai an gangara Accra ake hawa jirgi, kafin a soma tashi daga Tamale a 2016. Kaset biyu sun yi fari fat da fumfuna. Ƙanena ya ce a mayar da su cikin kwamfuta ɗaya, a jona ta da rautar gida, kowa ya kalla a wayarsa ko a talabijin. Sai aka shiga gardamar girman faifan ajiyar da za a saya. Da na zauna na yi lissafi, na ga girman faifai ne ƙaramin abu a cikin aikin.

Kaset mai lamba E-180 yana ɗaukar minti 180, amma namu ba duka aka cika ba. In an ba kowane awa 2, VHS sun tashi awa 40. MiniDV awa guda-guda ne, jimilla awa 50 ke nan.

Awa ɗaya nawa take ci? Ya danganta da yadda aka matse ta. Tsarin talabijin na PAL da Ghana ta bi yana nuna hoto 25 a daƙiƙa, kowane mai layi 576. In aka kwafe shi ba matsi ko kaɗan, awa guda na cin wajen gigabait 75, wanda ɓarna ce kawai ga hoton VHS da tun asali dishi-dishi yake. Tsarin DV, wanda MiniDV ke ɗauka da shi, yana cin kimanin gigabait 13 a awa, shi ya fi dacewa da kwafin ajiya. Awa 50 sau 13, gigabait 650. Kwafin kallo kuwa, wanda aka matse da H.264 a megabit 4 cikin daƙiƙa, gigabait 1.8 ne a awa, wato 90 gaba ɗaya. Faifan DVD irin namu ba ya wuce 4.7, goma sha biyar ɗin ba za su haura 71 ba. Tarihin gidan na kusan shekara ashirin ya tsaya a wajen gigabait 810.

Faifai mai terabait 1 zai ɗauke su, amma da ƙyar. Idan ka jona shi, kwamfuta za ta nuna 931, ba 1,000 ba. Mai shago bai cuce ka ba. Kamfani na ƙirgawa da dubu, kwamfuta da 1,024. Abin da ya sa na ce a sayi mai terabait 2 shi ne wayoyin yaran gida. Bidiyon waya mai 1080 yana cin gigabait 8 ko kusa da haka a awa. In gida ya ɗauki awa 40 a shekara, gigabait 320 ke nan. Shekara biyu na waya sun kamo kwafin ajiyar dukan kaset ɗin akwatin Hajiya.

Lambar da ta fi ciwo ita ce awa 50 ɗin nan, domin kaset ba ya yarda a yi masa gaggawa. Ba kamar fayil ba ne da za ka tura cikin minti biyu ka tashi. Sai na'ura ta juya shi daga farko zuwa ƙarshe, minti da minti, kana zaune kana duba ko ta tauna zaren. In mutum ya ware awa 2 kullum bayan isha'i, dare 25 ne, in ba a ɗauke wuta ba, in kuma ba a sake wani ba. Na'urar juyawar ma sai an yi farauta. JVC ta fito da VHS a 1976, Funai ta Japan, wadda ta rage tana ƙera na'urar, ta daina a 2016. Duk wadda ka samu wajen masu gyara a yau tsohuwa ce, belinta ya saki, kanta ya sha ƙurar hunturu. A gwada ta da kaset ɗin fim ɗin Indiya tukuna, kada a fara da bikin Hajiya. Masana adana kaset sukan ƙiyasta masa shekara 10 zuwa 30, kuma a ɗaki mai sanyi suke nufi. A Tamale zafin Maris yana taɓa digiri 40, ɗaki rufin kwano, sannan damina ta zo da laimarta.

Sai wuta. Ƙanena yana da tsohuwar kwamfutar tebur, ya ce ga ta kyauta. Kyautar tana da haƙori. Kwamfuta mai jan wat 60, in ta kwana ta wuni a kunne, wata guda yunit 43 ne: 60 sau 24 sau 30, a raba da dubu. Ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi 4 tare da faifanta tana jan wajen wat 10, yunit 7 da ɗoriya. A nan bambancin ba na yunit 36 kawai ba ne. Tun 2022 hukumar PURC mai tsayar da kuɗin wuta ta tsayar da rangwamen masu ƙaramin amfani a yunit 30 a wata, saboda haka tsohuwar kwamfutar ita kaɗai ta isa ta fitar da gida daga rangwamen. A gidan haya da ɗakuna shida ke kan mitar kamfanin wuta na NEDCo ɗaya, wannan rigima ce da ba za ta ƙare a tsakar gida ba. Ni ban ma ga dalilin barin ƙaramar a kunne dare da rana ba. Wa ke kallon sunan 1998 da ƙarfe ukun dare? A kunna da magariba, a kashe da goma, awa 4 a wat 10 bai fi yunit 1.2 a wata ba. A dai haɗa mata ƙaramin batir, domin faifai ba ya son a ɗauke wuta yana tsakiyar rubutu.

Manhajar jera bidiyon ba ta da tsada: Jellyfin, wadda ta ɓalle daga Emby a 2018, kyauta ce. Kallo a cikin gida kuma ba ya cin data, rauta ce ke kai hoto daga ɗaki zuwa ɗaki.

Masu cewa a ɗora komai a intanet a huta, su dubi wannan. Google na ba da gigabait 15 kyauta, kwafin ajiya na awa ɗaya da 'yan mintoci. Tura gigabait 650 a saurin megabit 5 zai ci awa 289, kwana 12 ba tsayawa, ban da kuɗin datar. Abin da ya fi sauƙi shi ne faifai na biyu, har na uku in da hali, kamar yadda ƙa'idar 3-2-1 ta masu adana hotuna ta tanada: kwafi uku, a ma'aji iri biyu, ɗaya a wajen gida. Namu na biyu za a ba yayarmu da ke aure a Kumasi, a riƙa sabunta shi duk sallar layya in ta zo.

Akwai aikin da ba ya cin gigabait ko ɗaya, kuma shi na fi tsoron a yi wa kasala. Matan Kukuo masu ginin tukwane sun san tun ran gini ran zane, in yumɓu ya bushe ba ya karɓar ado. Daren da aka juye kaset, daren za a rubuta masa suna, shekara, da waɗanda ke ciki. A kaset na farko da muka gwada, wata tsohuwa ta gifta da tiren goro, daƙiƙa huɗu. Mu bakwai a ɗakin ba wanda ya gane ta. Hajiya ta matso da kujera, ta ce a maido baya, sannan ta ce, "Ai Gwaggon babanku ce, ita ta yanke masa cibi."