Gidan Gumagumai Da Kuɗi Kaɗan: Abin Da Bidiyon Waya Ba Ya Nuna Miki

Uwargida, na san kin taɓa cin karo da irin bidiyon nan a Facebook ko TikTok. Miji da mata ne a tsakiyar daji a Kanada ko Alaska, gatari a hannu, yara na guje-guje a gefe. Cikin minti uku an sare bishiyoyi, an jera gumagumai, an ɗora rufi, hayaƙi na fita ta bututu, matar gida ta ɗora shayi. A ƙasa kuma an rubuta cewa ba su ci bashin kowa ba. Ke kuwa ga ki a gidan haya, jiya-jiya mai gida ya aiko da saƙon ƙarin kuɗi. Dole abin ya tsaya miki a rai.

Ba ƙarya suke yi ba. Ana gina irin wannan gida da hannu, kuma talakawa ne suka fi gina shi tun asali. Mutanen Finlan da Suwidin da Norwe da Rasha sun yi ɗaruruwan shekaru suna kwantar da gungume kan gungume, su sassaƙa bakin kowanne yadda zai kama ɗan'uwansa a kusurwa. Su ne suka kai fasahar Amurka, lokacin da 'yan Suwidin da Finlan suka sauka a bakin kogin Delaware a 1638. Shugaban Amurka Abraham Lincoln ma a irin wannan ɗaki aka haife shi a jihar Kentaki a 1809. Don haka idan kina zaune a ɗaya daga cikin ƙasashen nan, ko ɗanki ko ƙanenki da ke can ya fara zancen sayen fili a bayan gari ya gina nasa, ba mafarkin banza yake yi ba. Sai dai akwai lissafin da ake yanke shi daga bidiyon, kuma sau da yawa ke ce mai riƙe da lissafin gida.

Mutumin da kowa ke kafa hujja da shi

Duk mai wannan buri zai kawo miki sunan Richard Proenneke. Bakanike ne, ya kuma yi aikin kafinta a rundunar sojan ruwan Amurka lokacin yaƙin duniya na biyu. A 1967 ya je bakin wasu tafkuna da ake kira Twin Lakes a Alaska, ya sare bishiyoyin da yake buƙata, ya ɓare musu ɓawo, ya jera su, ya yi tafiyarsa. Bai dawo ba sai shekara ta zagayo. A 1968, yana da shekara hamsin da 'yan kai, ya gina ɗakinsa shi kaɗai da gatari da zarto da sauran kayan hannu. Duwatsun murhu a nan kusa ya tsinto su, rufin ya lulluɓe shi da gansakuka, har maƙalan ƙofa da itace ya sassaƙa su. Ya zauna a ciki kusan shekara 30, sai a 1999 tsufa ya sa ya bar wurin. Ɗakin na nan har yau a hannun hukumar gandun daji ta ƙasar, mutane na zuwa kallo.

To amma duba girman ɗakin: kusan ƙafa 12 a 16 ne, wato bai fi falon wani gidan ba. Ba shi da mata, ba shi da 'ya'ya. Ruwa a tafki yake ɗiba, babu lantarki, babu hanyar mota, wani abokinsa matuƙin ƙaramin jirgi ne ke kawo masa kayan masarufi. Duk abin da ke cinye kuɗin iyali shi bai biya ba. Abin da za ki ɗauka a wurinsa biyu ne, ƙanƙantar ɗakin da kuma shekara gudan nan da ya bar itacen ya sha iska.

Inda kuɗin ke tafiya

Idan maigida ya ce "ai itacen kyauta ne, yana cikin filin," ki tambaye shi sauran. Fili mai araha yawanci nesa yake da gari, kuma nisan nan ne ake biya daga baya. Sai an fitar da hanyar da babbar mota za ta bi, an zuba mata tsakuwa. Sai an haƙa rijiyar burtsatse, wadda mai haƙa ke caji ƙafa-ƙafa, kuma ba ya iya yi miki alkawarin zurfin da za a tarar da ruwa. Sai ramin bahaya da magudanarsa, wanda a yawancin yankunan Amurka da Kanada ba a ba da izininsa sai an gwada yadda ƙasar wurin ke shan ruwa. In ƙasar ta faɗi gwajin, filin da aka saya da murna zai iya zama wurin kiwo kawai. Shi ya sa ake yin gwajin kafin a biya kuɗin fili. Ga jawo lantarki ko sayen sola. Duk wannan ba a kwantar da gungume ko ɗaya ba tukuna.

Bayan bango kuma akwai rufi, tagogi, ƙofofi, daɓe, wayoyin wuta, bututun ruwa, murhun ɗumama ɗaki, kicin da banɗaki. Farashinsu ɗaya ne, ko da bulo aka yi bangon ko da itace.

Nan ne tallan kamfanoni ke ruɗar mutane. Akwai masu sayar da gumagumai a yanke, a sassaƙe, kowanne da lambarsa, sai dai a harhaɗa. Sana'a ce tsohuwa, kamfanin Honka na Finlan tun 1958 yake yin ta. Amma farashin da kika gani a talla na ƙwarangwal ɗin gida ne kawai. Kafin a kai ga shimfiɗa katifa a ciki, abin da aka kashe kan ninka wancan farashi, wani lokaci fiye da sau biyu.

Ba ya jira a linta

Ga abin da na fi so ki riƙe. Mu mun saba da gini sannu-sannu. A sayi bulo ɗari biyu bana, baɗi a kai linta, a tsaya sai an kwashi adashi ko an sayar da amfanin gona. Kango ya shekara goma a tsaye, ciyawa ta fito a ciki, awaki su kwana, ranar da Allah ya hore a zo a ɗora kwano. Bulon siminti yana da wannan haƙurin.

Gungume ba shi da shi. Bangon itace da aka bari babu rufi, ruwan sama da dusar ƙanƙara za su kwanta a tsagar da ke bayan kowane gungume da cikin sassaƙar kusurwa. Da farko zai yi baƙi, sai funfuna, sai ruɓa ta kama daga ciki inda ido ba ya gani. Damina biyu ko uku a haka, wahalar shekara guda ta tafi, kuma canza gungumen da ke ƙasan bango bayan an ɗora wasu bakwai a kansa aiki ne mai tsadar gaske.

Saboda haka tsarin kashe kuɗin juyawa yake yi. Kafin a kwantar da gungume na farko, kuɗin fandisho da na rufi gaba ɗaya su kasance a hannu, a ware, ba a aljihun da ake taɓawa don kuɗin makaranta ba. In ba su cika ba, a bar gumagumai a jere a kan ƙafafu, sama da ƙasa, an rufa musu kwano a sama, gefe a buɗe iska na ratsawa. A haka ba asara suke yi ba, bushewa suke yi. Bayan an rufe gida an sa tagogi, to daga nan sai a koma irin namu na sannu-sannu. Ana iya shekara ana girki a kan tebur kafin a yi kabad.

Shi kansa rufin ba wurin tsumulmula ba ne. Ana so bakinsa ya zarce bango sosai ta kowane gefe, a kuma ɗaga gungumen farko sama da ƙasa da kamar inci 18 ko fiye, don kada ruwan da ke fantsama ya riƙa dukansa. Duk wadda ta tashi a gidan ƙasa ta san wannan, domin ta ga yadda indararo mara tsawo ke cinye gindin katanga. Itacen da aka tsare daga laima yana daɗewa ƙwarai. A tsibirin Kizhi na Rasha akwai wata majami'a ta gumagumai mai ƙubba 22 da aka gina a 1714, tana nan tsaye, ko da yake ta sha gyara.

Itacen kansa

Miƙaƙƙun bishiyoyi ake nema, irin su fain da sida da danginsu masu ganye kamar allura, waɗanda kaurinsu ba ya raguwa da yawa daga gindi zuwa sama. Lissafin ba wuya. In kaurin gungume inci 12 ne, bango mai tsayin ƙafa 8 zai ci jeri takwas, bango huɗu ya zama gungume 32, ban da na ɗaukar rufi, ban da 'yan rara na maye gurbin wanda ya karkace. Wanda ba shi da bishiya a filinsa ya fi samun sauƙi in ya sayi mota guda kai tsaye daga hannun masu saran itace. A yammacin Amurka da Kanada ana samun bishiyoyin da ƙwaro ya kashe suka bushe a tsaye, waɗanda magina ke so domin sun riga sun rage ruwa. A Alaska har doka ta ba mazauna jihar damar neman izinin sarar wani adadi na itace kyauta a dazuzzukan gwamnati don amfanin kansu.

Ɓare ɓawo aikin hannu ne, da wata wuƙa mai mariƙi biyu, kuma ya fi sauƙi bayan hunturu lokacin da ruwa ya hau jikin bishiya. Nan ne ke da manyan yara za ku fi taimakawa. In aka bar ɓawon, ƙwari sun sami ɗaki.

Ɗagawa kuwa, kada ki yarda yara su kusanci wurin. Ɗanyen gungume mai kaurin inci 12 da tsawon ƙafa 30 yana kai wa wajen kilo 500, nauyin buhun siminti goma ke nan, kuma mirginawa yake yi. Masu ƙaramin ƙarfi kan kafa dogayen sanduna su rataya sarƙa irin wadda bakanike ke ɗaga injin mota da ita. Wasu su yi hayar motar ɗaga kaya na 'yan kwanaki. In ni ce, zan rage girman kicin in biya hayar motar, domin karayar maigida a ƙasar da asibiti ke da tsada ta fi ƙarfin duk abin da aka yi tattali.

Gidan da ke raguwa

Wani abin da zai ba ki mamaki shi ne bangon yana gajarcewa. Yayin da ɗanyen itace ke bushewa yana tsukewa, nauyin na sama kuma na danne na ƙasa. Magina kan ƙiyasta kusan kashi uku cikin huɗu na inci a kowace ƙafa, wato bango mai ƙafa 8 zai iya sauka da inci 6 cikin 'yan shekaru. Wanda bai san haka ba, wata rana ƙofa za ta ƙi buɗuwa, gilashin taga ya tsage. Shi ya sa ake barin sarari a saman kowace ƙofa da taga, a cusa abu mai laushi, a rufe da katako.

Salon ginin ma yana da nasa tasiri a aljihu. Wanda ake sassaƙa cikin kowane gungume ya zauna daram a kan na ƙasa shi ya fi kyau a ido, shi ne kuma ya fi cin lokaci da gwaninta. Akwai mai sauƙi da masu ginin kansu a Amurka suka fi runguma, inda ba a sassaƙa kusurwa: gungume ɗaya ya tokare, ɗayan ya wuce, a huda su a buga rodi ya ɗinke su, sannan a cike tsakani. Da can da gansakuka da laka ake cikewa, yanzu akwai wani danƙo mai miƙewa da ake sayarwa a bokiti, ba shi da araha. Masu wannan salo suna cewa rodin na hana bangon sauka sosai.

Ta kowane salo, murabba'i ya fi sauƙin kuɗi. Gida mai ƙafa 24 a 24 da mai 16 a 36 faɗin cikinsu ɗaya ne, amma na biyun ya fi cin bango da ƙafa 8 a kowane jeri. Kowace kusurwa da aka ƙara don ado, kuɗi ne da kwanaki. Ɗakin yara kuwa a kan yi shi a sama, cikin cikin rufin, tunda an riga an biya kuɗin rufin.

Takardu kuma ba sa jin rarrashi. Yankuna da yawa a Amurka sai an kawo zanen gini da injiniya ya sa wa hannu, wasu har sai mai duba ingancin itace ya tantance gumagumai, bisa wata ƙa'idar ginin gumagumai da aka fara fitarwa a 2007. Bankuna ba su cika son ba da rance ga mai gini da hannunsa ba, abin da bai dami mai gudun riba ba. Amma inshora a gidan itace da ke nesa da 'yan kwana-kwana tana da tsada, kuma gara a ji farashinta tun kafin a sayi fili. Ki kuma sa kuɗin wurin zama a lissafi, domin in miji yana aikin albashi yana gini Asabar da Lahadi, shekara biyu ko uku ba abin mamaki ba ne, kuna biyan haya a duk tsawon lokacin.

Na san wata za ta ce, to a Kano ko Maraɗi fa? A nan kam ban ba ki shawara ba. Ba mu da dazuzzukan miƙaƙƙun bishiyoyi, 'yan waɗanda suka rage ma hamada muke roƙon su tare mana, ga kuma gara da ba ta hutu rani da damina. Kakanninmu da suka zaɓi azarar giginya don rufin soro sun san itacen da gara ba ta cika iya wa ba, suka bar bango wa ƙasa.

Ko a can ɗin ma aiki ba ya ƙarewa ranar tarewa. Akan shafa wa itacen maganin ƙwari tun farko, sannan duk bayan 'yan shekaru a wanke bangon waje a sake shafa masa mai na kariya, a bi tsagogin da ke kallon sama a toshe su don kada ruwa ya kwanta. Gefen da rana ta fi duka shi ke fara koɗewa, kuma da zarar kin watsa masa ruwa kin ga ya shanye maimakon ya gangaro, lokacin sayen sabon bokiti ya yi.