Me Ya Sa Fankar Cikin AC Take Tsayawa?

Idan fankar cikin AC ta tsaya, iska kan daina fitowa, ƙanƙara kuma ta daskare a bututun sanyi. Da farko a kashe wuta, sannan a juya fankar da hannu. In ta cije, ƙura ce ta cushe ta ko biyarin ya bushe, musamman bayan hunturu. In tana juyawa sumul, amma da an kunna sai gurnani kawai take yi, galibi kapasito ne ya mutu, kuma canza shi ba tsada. Ƙaurin ƙonewa alama ce wayoyin injin fankar sun ƙone. A kira ƙwararre, domin kapasito na riƙe wuta ko bayan an kashe.