Tawada, Takarda da Iska: Abin da Ke Sa Hoton Firinta Ya Koɗe

Duk wanda ya taɓa buga hoton biki ko na suna da ƙaramar firinta ya san daɗin ganin takarda na fitowa sannu a hankali, fuska na bayyana, launin atamfa ya fito rangaɗau. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai ka ɗaga kai ka dubi hoton a bango, ka tarar shuɗin babbar riga ya dusashe, fuskar ango ta koma ruwan goro. Da yawa sukan ɗora wa firintar laifi, alhali ita ta gama nata aikin tun ranar farko. Tsawon ran hoto yana hannun tawadar da aka zuba, da takardar da ta sha ta, da kuma wurin da aka ajiye shi.

Ita firintar, fesa tawada kawai take yi ta wasu 'yan ƙofofi da suka fi silin gashi siranta. Canon da HP suna amfani da zafi: wata 'yar waya ce ke tafasa tawadar cikin ƙiftawar ido, kumfa ya taso ya tunkuɗo ɗigo waje. HP ta fitar da irin wannan, mai suna ThinkJet, a 1984. Epson kuwa tana amfani da wani ɗan dutse mai lanƙwasawa idan lantarki ya taɓa shi, shi ke matso ɗigon. Launukan asali huɗu ne, shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi, kodayake firintocin hoto sukan ƙara biyu marasa kauri su zama shida domin fatar mutum ta fito sumul.

Tawadar kuma iri biyu ce, kuma a nan maganar take. Akwai ta rini, wadda launinta ya narke cikin ruwa kamar sukari a shayi. Tana da haske, tana da araha, tana shiga jikin takarda ta ba da sheƙi mai ɗaukar ido. Akwai kuma ta gari, wadda launinta ƙananan ƙwayoyi ne masu yawo cikin ruwan ba tare da sun narke ba, kamar kamu kafin ya kwanta. Ƙwayar rini ita kaɗai take tsaye, haske na dukanta sai ta wargaje. Ƙwayar gari kuwa dunƙule ce, ko bayanta ya ci wuta cikinta na nan da launinsa. Shi ya sa masu buga hoton sayarwa da gidajen adana kayan tarihi suka fi karkata ga ta gari. Yawancin firintocin hoto masu tanki da ake gani a ƙananan shagunan ɗaukar hoto, irin Epson L805, rini suke sha.

Sai takarda. Takardar ofis, mai nauyin giram 80 a kowace murabba'in mita, ba ta da rufi, tawada na sauka sai ta nashe cikin zarenta. Ta hoto takan kai giram 200 zuwa 300, kuma an shafa wa fuskarta abin da zai riƙe ɗigo a inda ya faɗa. Shafin nan ma iri biyu ne. Ɗaya yana kumbura idan ya jiƙe, ya haɗiye rinin, ya bushe ya rufe shi ruf. Yana ɗaukar lokaci kafin ya bushe, kuma ɗigon ruwa ɗaya yakan ɓata shi, amma yana tsare rini daga iska. Ɗayan an yi shi da garin silika ko alumina mai ramuka da ido ba ya gani. Yana zuƙe tawada nan take, ka ɗauki hoton da hannu bai shafe ba. To amma ramukan nan ba sa rufewa, iska na shiga tana fita har inda rinin yake kwance.

An ga illar haka ƙarara a shekarar 2000, lokacin da Epson ta fito da firintocin Stylus Photo 870 da 1270 tare da takarda mai sheƙi mai saurin bushewa. An gwada hotunansu da haske a bayan gilashi, sakamako ya yi kyau. Amma wasu masu saye da suka bar nasu a fili sai suka ga sun rikiɗe sun koma ruwan lemo cikin 'yan makonni. Da aka bi diddigi, sai aka gano iskar ozon ce ke cinye shuɗin rinin. Shuɗi na tafiya, sai ja da rawaya su rage, haɗuwarsu kuwa ita ce ruwan lemon. Ozon na samuwa a iskar birane idan rana ta bugi hayaƙin motoci, wasu na'urorin lantarki ma suna fitar da ita. Tun daga nan gwajin iska ya shiga cikin abin da ake dubawa.

Mutumin da ya fi shahara a gwajin daɗewar hoto shi ne Henry Wilhelm, mai cibiyar bincike a garin Grinnell na jihar Iowa a Amurka. Yakan saka hoto ƙarƙashin fitila mai tsananin ƙarfi, ya auna yadda launi ke raguwa, sannan ya lissafa shekarun da zai yi a ɗaki mai matsakaicin haske na awa 12 kowace rana. A lissafinsa wasu hotunan tawadar gari sun haye shekara 100. Sai dai mai karatu ya lura, adadin nan na tawada ɗaya ne a kan takarda ɗaya. Ranar da ka zuba tawadar kwalba marar suna domin rage kuɗi, ko ka canza takarda, lissafin ya tashi daga kanka. Ban ga laifin tawada mai araha ba a katin gayyata ko hoton fasfo da za a yi amfani da shi na ɗan lokaci. Hoton mahaifiya ko na kaka kuwa, raina ba ya so in ga an yi masa haka.

Akwai wata matsalar da ba ta tawada ba. Takardun da farinsu ke kashe ido galibi an sa musu sinadarin ƙara haske, wanda ƙarfinsa ke raguwa da daɗewa, takardar ta soma komawa rawaya. Takardar auduga zalla marar wannan sinadari ta fi tsada, farinta kuma bai kai na waccan ba, amma ta fi riƙe kamanninta.

A ƙasa mai zafin rana, wurin ajiya ya kusa kai tawada muhimmanci. Bangon da rana ke duka ta taga, da kusa da murhu, da ɗakin da ke riƙe danshi da damina, duk maƙiyan hoto ne, domin danshi yakan sa rini ya motsa har gefen fuska ya ɓaci. Idan ka buga, ka bar hoton ya kwana yana shan iska kafin ka rufe shi. Ka sa shi a firam mai gilashi, da ɗan kwali a gefe don kada fuskarsa ta manne, ko ka ajiye shi a albam inda haske ba ya kaiwa. Asalin hoton da ke waya ko kwamfuta kuma ka adana shi a wuri biyu, domin ranar da na bango ya koɗe ka samu abin sake bugawa.