Haɗarin sitiyarin da ya yi sako-sako a tsohuwar mota

Daga cikin lahanin da tsofaffin motoci ke fama da su, akwai wanda direba ba ya saurin lura da shi, wato a murza sitiyari kaɗan amma tayoyin gaba su ƙi motsawa. Matsalar tana shigowa ne sannu a hankali, har hannun direba ya saba da ita, ya riƙa gyara tafiyar motar dama da hagu ba tare da ya ankara ba.

Galibi laifin ba a jikin sitiyarin yake ba, yana can ƙasa ne, a mahaɗan ƙarfe da ke kai motsinsa ga tayoyi, musamman wanda kanikawa ke kira tayarod. Kowace mahaɗa tana da ƙwallon ƙarfe da ke juyawa cikin giris, an lulluɓe shi da roba. Da zarar robar ta yage, sai ƙura da ruwa su shiga, giris ya gurɓace, ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Ramukan tituna da ƙurar hunturu a arewacin Najeriya da Nijar na ƙara gaggauta hakan, ballantana ga motocin da suka riga suka sha tafiya a Turai kafin a shigo da su.

A Birtaniya, inda doka ta tilasta binciken lafiyar mota duk shekara bayan ta cika shekaru 3, an ƙayyade iyaka. A ƙananan motoci masu tsarin rak, bai kamata sitiyari ya motsa fiye da milimita 13 ba kafin tayoyi su amsa. Ga masu akwatin sitiyari, kamar tsofaffin Marsandi, iyakar milimita 75 ce.

Wannan tazara ba ta da yawa a ido. To amma motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a guda tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, don haka ɗan jinkiri wajen kauce wa rami ko dabba ya isa ya jefa ta hannun da ba nata ba. Mafi muni shi ne mahaɗar ta fice gaba ɗaya, domin a lokacin tayar za ta karkata inda ta ga dama, sitiyarin kuwa ba shi da sauran iko a kanta.

Gwajin ba shi da wuya. A tsayar da mota tayoyinta a miƙe, injin na aiki idan sitiyarin mai amfani da mai ne, mutum ɗaya ya riƙa murzawa a hankali, wani na kallon tayar gaba. Sannan a ɗaga motar da jak, a kama taya a girgiza ta dama da hagu. Idan an ji ƙwas-ƙwas, akwai abin da ya cinye.

Dabarar da wasu kanikawa ke yi ta bubbuga tsohuwar mahaɗa da guduma domin ta matse, ɓoye ciwo ne kawai, tun da ƙarfen da ya cinye ba ya dawowa. Sauyawa ake yi, kana a sake daidaita saitin tayoyin gaba, in ba haka ba za su riƙa cinyewa ta gefe guda.