Dashen Ɓargo: Maganin Sikila da Bai Iso Gobir Ba Tukuna

A Sabon Birni da Isa, da zarar hunturu ya kama, gidan da ke da mai sikila ba ya barci. Ɗiyar yayata na cikin masu sikilar. In ciwon ya tashi sai ta dunƙule a tabarma ta rungume gwiwa, idanu sun yi ɗorawa, uwar tana gasa mata ƙafafu da tsumma da ruwan ɗumi har asuba, don a wannan zamani na 'yan bindiga ba mai kama hanyar Sakkwato da dare.

A ƙashi take jin ciwon, kuma can tushensa yake. Ɓargon da ke cikin ƙashi shi ke ƙera jini. A cikinsa akwai wasu ƙwayoyin halitta na asali, su ne iyayen jajayen ƙwayoyin jini da farare da masu tsayar da jini in an yanke. Kamar iri ne a rumbu: in ya zo da illa, kowace damina ita za a girba. Ƙwayoyin asalin mai SS, wato mai sikila, suna haifar jajayen ƙwayoyi masu lanƙwashewa su toshe ƙananan jijiyoyi, kuma su mutu cikin kwana 10 zuwa 20, alhali na mai lafiya suna kai kwana 120. Shi ya sa ƙarin jini ba ya raba yaro da cutar. Ledar da aka saka masa za ta ƙare, ɓargonsa na nan yana aikin da ya saba.

Dashen ɓargo shi ne sauya ƙwayoyin asalin baki ɗaya. Ana ba mara lafiya magunguna masu ƙarfi su kashe nasa, sannan a ɗura masa na wani ta jijiya, yadda ake ƙarin jini. Ikon Allah, da kansu suke gane hanya su shige ƙashi su zauna. Yaro zai yi makonni a killace, don a lokacin ba shi da garkuwa ko kaɗan. A 1984 aka ga amfanin dashen ƙarara a Amurka: wata yarinya mai sankarar jini da sikila a haɗe, an yi mata dashe don sankarar, sai sikilar ma ta tafi. A Najeriya, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin ne ya fara a 2011, ƙarƙashin Dakta Nosakhare Bazuaye, a kan wani yaro da ɗan'uwansa ya ba shi ɓargo. A 2024 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas ya bi sahu tare da Gidauniyar Sikila ta Najeriya. Taubasanmu Yarbawa sun riga mu, sai mu haɗiye wannan.

Da na ba Yaya labarin, ba ta tambayi kuɗi ba. Cewa ta yi, "To, wa za shi ba ta?" Tambayar likitoci ke nan. Wanda ya fi dacewa shi ne ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya, kuma kowanensu damarsa ta dacewa ɗaya ce cikin huɗu. Ko an dace, sababbin ƙwayoyin kan juya su yaƙi jikin da suka shiga, maganin share ɓargo kan hana haihuwa, wani lokaci a rasa rai. Kuɗin kuwa miliyoyin naira ne da ba manomin gero da zai tara.

Masana sun nemi hanyar kauce wa neman mai bayarwa. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da Casgevy: a ɗebo ƙwayoyin asalin mara lafiya, a gyara su a ɗakin bincike su koma yin irin jinin da jariri ke da shi a ciki, wanda ba ya lanƙwashewa, a mayar masa. Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne. Najeriya kuwa, inda aka ƙiyasta ana haifar jarirai 150,000 da cutar duk shekara, ita ta fi kowace ƙasa masu ita.

Ni dai ina ganin ranar da maganin zai iso mana za ta zo, amma sai yaron da ya rayu zai gan ta. Akwai ƙwayar hydroxyurea, wadda ita ma jinin jarirai take ƙarawa. A Kano aka gwada ta wajen kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki, ta kuma yi amfani. Akwai gidan sauro da rigakafi. Akwai gwajin jini kafin aure, wanda Kano ta mai da doka a 2024, kuma ya fi shafarmu mu masu auren zumunci: AS da AS in sun haɗu, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu ya zo SS.

Sai dai labari ya riga magani isowa. Yanzu a WhatsApp ana tallar wani gari a 'yan fakiti, wai ƙwayoyin asali ne na tsirrai, ana zubawa ƙarƙashin harshe, yana warkar da sikila da suga da ƙoda. Har an kawo wa Yaya, ta fara zancen sayar da tunkiya. Na ce mata, "Yaya, bar tunkiyarki. Ƙwayar halitta mai rai ba ta zama a fakiti cikin zafin kasuwa, kuma ba abin da za ki lasa ya sauya ɓargo." Kuɗin motar zuwa asibitin koyarwa na Sakkwato muka haɗa a maimakon haka.